Bayan kofin farko: yadda ta kasance da Dominic Thiem

Masu sharhin wasan tanis suna da wata magana da ba su gajiya da maimaitawa, wai kofin farko shi ne mai wuya, idan ɗan wasa ya ɗaga shi to sauran za su biyo baya da kansu. Kofin da suke nufi shi ne ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam, wato na Ostireliya, na Faransa, Wimbledon ta Ingila da kuma US Open ta Amurka. Kuma ba su rasa hujja ba. Roger Federer ya ci Wimbledon a 2003, kafin shekara ta zagayo ya ƙara na Ostireliya, daga nan bai tsaya ba sai da ya tara 20. Ivan Lendl ya sha kashi a wasan ƙarshe har sau huɗu kafin ya ci na Faransa a 1984, amma da ƙofar ta buɗe sai da ya kwashi takwas.

Labarin Dominic Thiem ɗan ƙasar Ostiriya bai bi wannan hanya ba. Ya ci US Open a watan Satumban 2020 yana da shekara 27, a lokacin da kusan kowa ya yarda shi ne magajin manyan nan uku, Federer da Rafael Nadal da Novak Djokovic. Wannan kofi shi ne na 17 da ya ci a rayuwarsa ta wasa, kuma shi ne na ƙarshe. Ba wai na ƙarshe a cikin manya kaɗai ba, ko ƙaramar gasar ATP, wato ƙungiyar da ke shirya gasannin ƙwararrun maza, bai sake ci ba har ya ajiye raket a 2024.

Abin da ya biya kafin ya kai

An haifi Thiem ranar 3 ga Satumban 1993 a garin Wiener Neustadt. Iyayensa duka biyu masu koyar da tanis ne, kuma tun yana yaro aka danƙa shi hannun Günter Bresnik, kocin da ya taɓa horar da Boris Becker, wanda aka sani da tsanani a wajen atisaye. Bresnik ne ya sauya masa bugun bayan hannu daga hannu biyu zuwa hannu ɗaya, shi ne kuma ya gina masa salon da aka san shi da shi: ya ja da baya can nesa da layi, ya ɗaga raket sosai, ya narka wa ƙwallo duka da iya ƙarfinsa, da gaban hannu da bayan hannu, ƙwallon na juyi tana tashi sama har kafaɗar abokin karawa. Salo ne mai daɗin kallo, amma jiki ne ke biyan kuɗinsa. Ga shi kuma Thiem ba ya jin hutu. A shekarunsa na tasowa an sha sukarsa da cewa yana shiga gasa fiye da kima, mako bayan mako, kamar wanda ake bi bashi.

Sakamako dai ya zo. A 2016 ya doke Nadal a kan jar ƙasa a Buenos Aires, ya doke Federer a kan ciyawa a Stuttgart, ya shiga sahun goma na farko a duniya. A 2018 ya kai wasan ƙarshe na gasar Faransa, Nadal ya share shi a seti uku a jere (seti rukuni ne na wasa, a Grand Slam na maza wanda ya fara cin uku shi ya yi nasara). A 2019 ya rabu da Bresnik, ya ɗauki Nicolás Massú ɗan ƙasar Chile, ya ci gasar Indian Wells ta Amurka ta hanyar doke Federer, ya fitar da Djokovic a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Faransa a Faris, sannan Nadal ya sake tare masa hanya. A farkon 2020 a Ostireliya ya kori Nadal, ya kai wasan ƙarshe, har ya shiga gaban Djokovic da seti biyu da ɗaya, amma aka juye masa. Wasan ƙarshe uku, faɗuwa uku, kuma duka a hannun mutanen da ake ganin babu kamarsu a tarihin wasan.

Dole a riƙe wannan a rai, domin wanda ya je New York a 2020 ba yaro ne mai neman suna ba. Mutum ne da ya daɗe a bakin ƙofa, ya san ɗacin kusa da samu.

Daren 13 ga Satumba

Gasar ta 2020 ta zo a wani irin yanayi. Annobar korona ta tsayar da wasanni tun watan Maris, an soke Wimbledon, US Open kuma an yi ta ne babu ɗan kallo ko ɗaya, 'yan wasa a killace tsakanin otal da fili. Federer yana jinyar gwiwa. Nadal, wanda ke riƙe da kofin, bai zo ba. Saura Djokovic, shi ma aka kore shi a zagaye na huɗu bayan da ya buga ƙwallo cikin fushi ta sami wata mai kula da layi a maƙogwaro. Daga wannan rana kowa ya san za a sami sabon zakara, abin da rabon da a gani tun Marin Cilic a 2014. Thiem, wanda shi ne na biyu a jerin gwanayen gasar, ya wayi gari nauyin duka ya dawo kansa. A da idan ya faɗi sai a ce ai Nadal ne, ai Djokovic ne. Yanzu babu wanda zai fake da shi.

Har zuwa wasan ƙarshe seti ɗaya tak aka ci shi, a hannun Cilic ɗin. Ya fitar da Daniil Medvedev a seti uku. Amma da aka zo karawa da abokinsa Alexander Zverev ɗan Jamus, sai hannu ya sandare. Wanda aka sani da dukan ƙwallo kamar zai fasa ta sai ga shi yana tura ta a tsorace. Zverev ya ci seti biyu na farko 6-2 da 6-4. Thiem ya lallaɓa ya ƙwato biyu, 6-4 da 6-3. A seti na biyar Zverev ya kai 5-3, bugun farawa a hannunsa, kofi na kallonsa, ya kasa. Thiem ya kai 6-5, shi ma bugun farawa a hannunsa, ya kasa. Zuwa lokacin ƙafarsa ta riƙe, yana ɗingishi tsakanin maki da maki, har bugun farawar ma ba ya iya tsalle ya yi ta yadda ya saba. Aka shiga bugun raba gardama a filin Arthur Ashe mai ɗaukar mutum sama da 23,000, babu kowa sai jami'ai da 'yan tawagar kowannensu, ana jin ƙarar takalmi da nishin 'yan wasa. Zverev ya ɓarar da bugun farawa sau biyu. Thiem ya sami damar gamawa sau biyu ya zubar da gaban hannu. A ta uku ƙwallon Zverev ta fita, maki ya tsaya 8-6, Thiem ya zube rigingine a ƙasa.

Gaskiya ba wasa ne mai kyau ba, wasan tsoro ne, wanda ya fi jurewa ya ci. Amma tarihi ya shiga: shi ne namiji na farko cikin waɗanda aka haifa a shekarun 1990 da ya ci Grand Slam, shi ne na farko tun Pancho Gonzales a 1949 da ya ci wasan ƙarshe na wannan gasa bayan an ci shi seti biyu na farko, kuma ɗan Ostiriya na biyu bayan Thomas Muster da ya ci na Faransa a 1995. Ya tafi gida da dala miliyan 3 da maki 2,000 na jerin gwanayen duniya.

Akwai masu cewa kofin banza ya tsinta tunda bai gamu da ko ɗaya cikin manyan ukun ba. Ban yarda da wannan ba, kuma ba sai an je da nisa ba wajen neman amsa. Wata biyu bayan nan, a gasar ƙarshen shekara ta gwanaye takwas a Landan, ya doke Nadal, ya doke Djokovic, sai a wasan ƙarshe Medvedev ya ci shi. A tsawon rayuwarsa ta wasa ya doke kowane ɗaya daga cikin ukun aƙalla sau biyar, Federer ma sau biyar cikin karawa bakwai. Ban da Andy Murray babu wanda ya yi haka.

Ramin

Wannan na Landan yana nuna wani abu kuma: faɗuwar ba nan take ta zo ba. Ƙarfin da ya taho da shi ya kai shi har ƙarshen 2020. Sai da aka yi hutun ƙarshen shekara, ya zauna, aka ce ya tashi a sake sabon shiri, sannan abin ya bayyana.

A Ostireliya a Fabrairun 2021 ya sha da kyar a hannun Nick Kyrgios bayan an ci shi seti biyu, sannan Grigor Dimitrov ya fitar da shi a zagaye na huɗu, seti na ƙarshe 6-0. Duk wanda ya kalli wannan wasa ya ga mutumin da jikinsa ke fili amma hankalinsa ba ya wurin. Ya yi saurin faɗuwa a Doha da Dubai, ya janye daga Miami da Monte Carlo, ya yi makonni ba a gan shi ba. A watan Afrilu ya yi hira da jaridar Der Standard ta ƙasarsu, ya faɗi abin da 'yan wasa ba su cika faɗa ba: cewa ya yi shekara 15 yana bin buri ɗaya ba ya waige, da ya cim masa kuma, lokacin da ya zo shirin sabuwar kaka, sai ya faɗa rami. Ya kuma yi kukan zaman killace da filaye marasa jama'a.

Wannan ba sabon ciwo ba ne a tanis, kuma ba ya nufin ƙarshen mutum. Pete Sampras ya ci US Open a 1990 yana ɗan shekara 19. Shekara ta zagayo Jim Courier ya fitar da shi, ya fito ya ce ji ya yi kamar an sauke masa kaya daga ka, maganar da ta jawo masa suka daga manyan 'yan wasa. Sai 1993 ya sake cin babban kofi, kuma daga ƙarshe ya tara 14. Djokovic ya ci na farko a Ostireliya a 2008, ya yi shekara uku cur yana jiran na biyu, ana ta cewa ba shi da juriya. Duk su biyun sun shiga irin nasu ramin sun fito, domin suna da abin da ake buƙata a fito da shi, wato lokaci da lafiyayyen jiki.

Thiem ma ya fara alamar fitowa. A Madrid a watan Mayu ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Sai kuma a Faris, gasar da ya fi ƙwarewa a kanta, Pablo Andújar ya fitar da shi a zagayen farko bayan Thiem ya ci seti biyu na farko. Hawa da sauka ke nan irin na wanda ke neman kansa. Da an bar shi da wannan matsala kaɗai, a ganina da ya warware ta cikin shekara ɗaya ko biyu kamar yadda wasu suka yi.

Wuyan hannu

A watan Yunin 2021 yana wasa da Adrian Mannarino a Mallorca, yana gaba da 5-2 a setin farko, ya kai bugu da gaban hannu sai ya ji wani abu ya ɓalle a wuyan hannunsa na dama. Ya bar wasan nan take. Bincike ya nuna kuben da ke riƙe da jijiya a gefen ƙaramin yatsa ne ya saki. Aka ɗaure hannun na makonni. Ya yi gaggawar komawa atisaye da fatan ya je ya kare kofinsa a New York, ciwon ya dawo a watan Agusta, ya haƙura da sauran shekarar gaba ɗaya. Ba a yi masa tiyata ba, amma sai watan Maris na 2022 ya sake shiga gasa, a wata ƙaramar gasa a Marbella, ya faɗi wasan farko, ya kuma kamu da korona.

A nan ya kamata a tsaya a duba me wuyan hannu yake nufi ga ɗan wasa irin Thiem. Bugun gaban hannu na zamani ba da damtse kaɗai ake yin sa ba. Ɗan wasa yana sakin wuyan hannu ya bar kan raket ya rage a baya, sannan a daidai lokacin haɗuwa da ƙwallo ya fizgo shi ya shafo ta daga ƙasa zuwa sama. Wannan fizga ita ke ba ƙwallo gudu da juyi a lokaci guda, ita ke sa ta wuce saman raga da tazara amma ta dawo ta faɗa cikin layi. Tana buƙatar mutum ya saki hannun gaba ɗaya ba tare da tunani ba. Wanda ya taɓa jin abu ya ɓalle a wurin, ko likita ya ce ya warke, hannun ba ya yarda ya saki kamar da. Abin da aka gani ke nan a wasannin Thiem bayan dawowarsa: bayan hannunsa yana nan da kyansa, ƙafa tana gudu, amma gaban hannun ya zama gajere, ƙwallo tana faɗuwa tsakiyar fili inda abokin karawa zai tako ya hukunta ta. Shi kansa ya sha faɗa cewa bai sake jin bugun yadda yake ji a da ba. Ɗan wasan da ke cin maki da dabara ko da bugun farawa zai iya zagaye irin wannan rashi. Thiem da ƙarfin bugu aka gina shi tun yana yaro.

Sai kuma tsarin jerin gwanaye ya ƙara masa nasa. Makin da ɗan wasa ya samu yana zubewa ne bayan mako 52, don haka wanda ya yi wata tara yana jinya yana kallo makinsa na narkewa. Wanda ya kai na 3 a duniya a Maris 2020 ya gangaro har na 352 a Yunin 2022. Akwai dokar da ke ba mai jinya damar shiga wasu gasanni da tsohon matsayinsa, amma ba ta ba shi kariyar da ake ba manyan gwanaye wajen raba jadawali. Ma'ana tun zagayen farko yana iya faɗawa hannun kowa. Haka kuwa aka yi: Andrey Rublev a zagayen farko a Ostireliya a 2023, Stefanos Tsitsipas a zagayen farko a Wimbledon a wannan shekarar, inda aka kai seti biyar aka rabu a bugun raba gardama. Mai neman ya dawo da yarda da kansa yana buƙatar wasanni masu sauƙi a jere, shi kuwa ba ya samu. Sai da ya yi sama da shekara ɗaya bai ci wasa ko ɗaya a matakin ATP ba, kafin ya doke Emil Ruusuvuori a Bastad a Yulin 2022.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Ya rabu da Massú a 2023. Ya kai wasan ƙarshe sau ɗaya, a gida a Kitzbühel, Sebastián Báez ya ci shi. Bayan Ostireliya ta 2021 wasa ɗaya kacal ya sake ci a Grand Slam, a kan Alexander Bublik a US Open ta 2023. A watan Mayun 2024 ya sanar cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ya kuma ambaci wuyan hannun a matsayin dalili. Masu shirya gasar Faransa ba su ba shi gurbin alfarma ba duk da wasan ƙarshe biyu da ya buga musu, abin da har yau nake ganin rashin kara ne, sai ya bi ta wasannin share fage ya faɗi a can. Wasansa na ƙarshe a Vienna ne a watan Oktoba, Luciano Darderi ya ci shi 7-6, 6-2. Shekararsa 31.

To wanne ne ya kayar da shi?

Mutane sun fi son bayanin zuciya, domin ya fi daɗin ba da labari: ya sami abin da yake nema, wutar ta mutu. Akwai gaskiya a ciki tunda shi da bakinsa ya faɗa. Wasu kuma suna cewa shekaru ne, wai wanda ya ci na farko yana 19 ko 20 kamar Sampras da Nadal da Carlos Alcaraz shi ke tara da yawa, wanda ya kai 27 ya makara. Amma mutum biyu sun rushe wannan lissafi. Stan Wawrinka ya ci na farko a Ostireliya a 2014 yana da shekara 28, ya girmi Thiem ke nan, ya ƙara na Faransa a 2015 da US Open a 2016. Juan Martín del Potro ɗan Ajantina kuwa yana 20 ya doke Nadal da Federer a jere ya ci US Open a 2009, bai kuma sake cin wani ba.

Abin da ya bambanta su shi ne tsawon lokacin da jiki ya ba su bayan kofin farko. Wawrinka ya sami shekara uku da rabi lafiya lau kafin a yi masa tiyatar gwiwa a 2017, a cikinsu ya yi nasa hawa da sauka, har da faɗuwa a zagayen farko a Faris watanni kaɗan bayan kofinsa na farko, amma ya sami sararin gyarawa. Del Potro 'yan watanni ya samu kafin wuyan hannunsa na dama ya fara, aka yi masa tiyata a 2010, daga baya na hagu ya ɗauka, sannan gwiwa. Ya dawo ya kai wasan ƙarshe na US Open a 2018, shekara tara bayan na farko, Djokovic ya tare shi. Thiem wata tara ya samu, kuma kusan rabinsu a cikin ramin ya yi su. Ko akwai alaƙa tsakanin shekarun da ya yi yana dukan ƙwallo babu sassauci da abin da ya faru a Mallorca? Ina ganin da wuya a raba su. Salon da ya kai shi ga doke manyan uku shi ne ya ci hannun, kuma da wani salon mai sauƙi ya ɗauka da wataƙila bai kai inda ya kai ba.

Ko da hannun ya warke sarai, ba a ce kofi na biyu yana ajiye yana jiransa ba. Andy Roddick ya ci US Open a 2003, ya kai wasan ƙarshe huɗu bayan nan, duka huɗun Federer ne ya ci shi. Cilic ya kai biyu, a 2017 da 2018, nan ma Federer. Medvedev, wanda ya gaji Thiem a New York a 2021 ta hanyar doke Djokovic, ya fi kowa kusantar na biyu: a Ostireliya a 2022 ya ci seti biyu na farko Nadal ya juye masa, a 2024 ya sake cin biyu na farko Jannik Sinner ya juye masa. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, zuciyarsu na so, wanda ya fi su ne ya tsaya a gaba.

Tsaran Thiem kuwa tazarar da suka samu ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Manyan ba su gama tafiya ba ƙananan suka iso. Alcaraz ya ci US Open a 2022 lokacin Thiem na fafutukar komawa cikin ɗari na farko, Djokovic ya kwashe uku cikin huɗu a 2023, sannan manyan kofuna takwas na 2024 da 2025 Sinner da Alcaraz suka raba su huɗu-huɗu. Zuwa ƙarshen 2025, cikin duk mazan da aka haifa a shekarun 1990, Thiem da Medvedev ne kaɗai suka ci Grand Slam, kowannensu ɗaya. Zverev, wanda maki biyu suka raba shi da kofin a daren nan na 2020, ya sake kai wasan ƙarshe a Faris a 2024 da Ostireliya a 2025, Alcaraz ya ci shi a na farko, Sinner a na biyu.